Kwalaye Uku Daga Seoul

A Busan, can saman tudu,
inda matakala ɗari da tamanin ke tsakanin ƙofata da tashar bas,
'yata Hye-rin ta aiko da kwalaye uku.
Ɗan aiken ya iso yana haki.
"Baba Deok-man, sa hannu nan."
Na sa, na ba shi ruwa.

Na farko tukunyar shinkafa ce mai magana.
Muryar budurwa gare ta, ladabi kamar ta banki:
"An fara dahuwa." "Ana turarawa." "A ci lafiya."
Ban ƙi ta ba. Shinkafa fara sol,
ko ƙwaya ɗaya ba ta kama gindi.
To, a nan muka saɓa.
Shekara arba'in da ɗaya Mal-sun tana dafa mini,
kullum sai hira ta ɗauke ta a bakin taga,
wuta ta lashi tukunya, ta dawo da gudu tana faɗa da murhu.
Ta kankare ƙanzon, ta kwarara masa ruwan zafi,
mu sha da asuba kafin in gangara tashar jiragen ruwa.
Hye-rin ta ce, "Ai akwai maɓallin ƙanzo, Baba."
Na danna. Ya fito zagaye, launi ɗaya,
kamar an gwada shi da ma'auni.
Na ci. Ba shi ba ne.
Ku maƙera, in kuna ji,
ku sa mata mantuwa kaɗan,
da taga, da maƙwabciya mai surutu.

Na biyu baƙin faifai ne mai rarrafe,
kunkuru marar kai, mai cin ƙura.
Yana karo da ƙafar kujera, ya ja baya, ya sake karo.
Na so shi, ba zan ɓoye ba;
gida ya samu wani mai motsi bayan ni.
Amma ran Laraba ya shiga ƙarƙashin kabad
ya haɗiye maɓallin rigar sanyinta,
shuɗi, mai huda huɗu,
wanda shekara uku ina ganinsa, ina barinsa inda ya faɗi.
Na kife shi, na buɗe cikinsa,
na tono shi cikin gashi da ɓawon gyaɗa.
Ku koya masa tambaya kafin haɗiya.
Ba duk abin da ke ƙasa ne shara ba.

Na uku agogo ne.
Rubutunsa ƙanana kamar ƙwan kifi,
kullum dare sai an ba shi wuta kamar jariri.
Ku ƙara girman baƙi, ku ba shi cikin da zai kai mako.
In na hau matakala, gwiwa tana kuka,
sai ya girgiza: "Madalla! Ƙara ɗari biyar!"
Ƙarfe uku na dare ya ce zuciyata na sauri,
in zauna, in ja numfashi.
Ai zaune nake, ɗan nan.
Tun ƙarfe ɗaya nake zaune.

Ga babban laifinsa:
yana kai wa Hye-rin rahoto.
Tana ganin bugun zuciyata a wayarta, cikin jirgin ƙasa,
ta ga layi yana hawa da sauka, ta ce Baba lafiya lau.
Da, Lahadi da Alhamis take kira.
Yanzu sai ranar biki.

Jiya na kwance shi,
na ɗaura wa kunkurun a baya, na sake su.
Suka yi ta yawo, ɗaki zuwa ɗaki.
Na zauna da shayin sha'ir, ina kallon jirage suna shiga.

Bakwai saura, waya ta yi ƙara.
"Baba! Babu bugun zuciyarka!"
Na ce, "Tana nan.
Kin ci abinci?"

Daga kicin budurwar ta ce, "A ci lafiya."